Ledar Auta

Ƙarfe bakwai saura kwata ake kulle ƙofar gidanmu, tun daga Litinin har Juma'a. Kafin lokacin an yi wa yara uku wanka, an dafa shayi, an nemo takalmin makarantar da kullum sai ƙafa ɗaya ta ɓata. Baban yara yana tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari, Mamansu tana koyarwa a wata firamare da sai an hau adaidaita biyu kafin a kai. Manyan biyu su bi Mamansu, Auta kuwa mu miƙa shi gidan maƙwabciyarmu Maman 'Yanbiyu, da 'yar ledarsa a hannu. Ba a ɗauko shi sai wajen ƙarfe uku.

Ledar nan a shagon bakin layi muke cika ta. Biskit biyu, ɗan lemon kwali mai tsinke, wani lokaci cincin, wani lokaci irin ƙulle-ƙullen nan masu gishiri da ke rina yatsu. Mai shagon ya san mu har ba ma buɗe baki, da ya hango mu zai fara ƙullawa. Minti ɗaya an gama. A gidan da ake ƙirga minti da safe, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Da yaye abin ya fara. Auta yana da wata goma sha takwas muka cire shi daga nono, ya kwana uku yana kuka, har aka gano cewa biskit na sa shi shiru. Daga nan biskit ya gaji nono. In ya yi rigima a ba shi, in za a fita a ba shi, in Mamansa na son ta gama duba takardun jarrabawa a ba shi. Da rana Maman 'Yanbiyu takan zuba masa abin da ta dafa, ya yi loma biyu ya ture. Da dare ma haka. Muna cewa yaron ba mai cin abinci ba ne, ya gado kawunsa. Ba mu taɓa haɗa loma biyun nan da ledar ba.

Wata biyu bayan yaye ya yi zazzaɓi, muka kai shi asibitin unguwa. An gwada jini, an samu zazzaɓin cizon sauro, an rubuta magani. Har mun miƙe za mu tafi sai wata sista, dattijuwa, ta ce mu dakata. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, ta buɗe tafin hannunsa. Sannan ta ɗauko wani ɗan siririn awo mai launi uku ta zagaye masa damtse. Ta bayyana mana cewa ja shi ne ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa daga 11.5 zuwa 12.5, kore kuma daga nan zuwa sama. Na Auta ya tsaya a 12.2, cikin ruwan ɗorawa. Gwajin da aka ƙara yi ya nuna jininsa ma ya yi ƙasa.

Ba ta yi mana faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi. Ta ce, "Maman yaro, kafin ya kwanta ciwo, faɗa mini abin da yake ci tun daga safe har dare. Kada ki tsallake komai."

Muka shiga lissafi mu biyu, wannan ya faɗa wancan ya cika. Shayi da burodi. Biskit. Lemon kwali. Loma biyu ta shinkafa. Biskit. Alawar da yayarsa ke rage masa. Loma uku ta tuwo. Shayi kafin barci. Muna faɗa muna jin abin a kunnenmu kamar labarin gidan wasu. Babu wake, babu ƙwai, babu ganye, babu ɗan itace ko ɗaya. Mu da muke ganin muna ƙoƙari, mu da kullum sai mun kashe masa kuɗi a shago.

Ta ɗauki kofin da ke kan teburinta ta nuna mana. Ta ce cikin yaro mai shekarun Auta bai wuce ya ɗauki cikin kofi irin wannan a zama ɗaya ba, wajen mililita 250. Shi ya sa ba ya iya jira daga safe zuwa azahar kamar babba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga yaro ɗan wata 12 zuwa 23 ita ce abinci sau uku zuwa huɗu a rana, da abin motsa baki sau ɗaya ko biyu a tsakani. Ta ce abin motsa bakin nan da muke ɗauka wasa ne, shi ma abinci ne, domin wurin da ya cika a ɗan cikin nan wani abu ba zai samu ba. Biskit da lemon kwali suna kashe yunwa, amma kusan duk fulawa ne da sukari da mai. Shayi kuma yana hana jiki tsotsar sinadarin ayon da ke cikin abinci, wanda da shi ake yin jini. Ta ƙara da cewa ba abinci kaɗai ke rage jinin yaro ba, zazzaɓin sauro da tsutsar ciki ma suna yi, don haka ta haɗa mana da maganin tsutsa da na ƙarin jini, ta ce mu tabbata yana kwana a gidan sauro. Ta ce mu dawo duk bayan mako biyu a sake awo.

A adaidaita babu wanda ya ce uffan. Sai da muka shiga gida aka fara neman mai laifi. Baban yara ya ce ai harkar abinci ta uwa ce. Mamansu ta ce wa ke tsayawa a shago kullum da safe, wa ke dawowa da alawa a aljihu? Kowa ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ba ta ƙara wa Auta ko ɗigon jini ba. Daga baya muka ga cewa binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya samu kashi 68 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59 da ƙarancin jini. Da can in mun ji irin wannan lissafi a rediyo, ƙauye muke hangowa da sansanin 'yan gudun hijira. Ba mu san da gidan masu albashi a ciki ba.

Abin da muka fara yi shi ne abin da mai jin kunya ke yi, muka zuba kuɗi. Muka shiga babban kanti muka kwaso tuffa, da garin jarirai na gwangwani, da yogot ɗan roba, da wani biskit mai hoton alkama da aka ce na lafiya ne. Kwana goma abin ya yi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya cinye rabin abin da muke ragewa, ga kuɗin makaranta ya ƙarato. Yogot ɗin ya yi tsami a firij saboda kwana biyu ba a kawo wuta ba. Da muka karanta bayan kwalin biskit ɗin kuma, sukari ne na biyu a jerin kayan haɗinsa. Mun koma inda muka fito, sai dai aljihu ya ƙara sauƙi.

A makon ne Hajiya, kakar yaran ta wajen uba, ta zo daga ƙauye duba mai jiki. Ta ɗora shi a cinya ta juya shi ta ce, "Angon nawa ne ya koma haka? Da me kuke ciyar mini da miji?" Muka nuna mata gwangwanin. Ta shinshina ta ajiye. Ta ce a zamaninsu yaron da aka yaye ba ya rabuwa da abu a hannu: dafaffen dankali, kabewa, gayan fura, ƙosai, ɗan kunun gyaɗa. Ta ce, "Ku kun yaye shi daga nono kun miƙa wa mai shago."

Maganar ta yi zafi, amma ta buɗe mana ido. Mun daɗe muna tsammanin abin motsa baki sai wanda ya zo a leda mai hoto. Alhali duk garin nan cike yake da shi, tun daga mai ƙosai ta bakin masallaci har mai awara ta bayan gidanmu.

Sai dai ita ma Hajiya ba duk maganarta muka ɗauka ba. Da sista ta ce mu riƙa ba shi ƙwai, Hajiya ta ce ita dai ta taso tana jin yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. Ɗanta ya ce, "Hajiya, ai ƙwan da ba a ba mu ba shi muka riƙa sata a akurki." Ta yi dariya har da hawaye, ta ce je ku ku ba shi. Muna zaton maganar ta samo asali ne daga lokacin da ƙwai kuɗi ne ko ɗan tsako ne na gobe, ba abin ba yaro ba. A yau ƙwai ɗaya yana cikin abin da ya fi komai amfani da za a iya saya wa yaro da ƙananan kuɗi.

Darasi na biyu kuwa da tsoro muka koye shi. Hajiya ta zo da soyayyar gyaɗa cikin tsarabarta. Wata Asabar da yamma yayarsa ta ɗebo ta ba shi, yana gudu a tsakar gida yana ci yana dariya. Sai dariyar ta yanke. Ya tsaya cak, baki buɗe, babu kuka babu tari, fuska ta fara canzawa. Maman 'Yanbiyu da ta shigo aron turmi ita ta fizge shi, ta kifa shi a cinyarta kansa na ƙasa, ta riƙa dukan tsakanin kafaɗunsa da tudun hannu. A duka na huɗu gyaɗar ta faɗo, kuka ya biyo. Ba mu taɓa jin daɗin kukan yaro kamar na ranar ba. Da muka ba sista labari ta ce yaron da bai kai shekara biyar ba ba a ba shi ƙwayar gyaɗa, haka aya, da gugguru, da alawa mai tauri, da dabino da ƙwallonsa. Maƙogwaronsa siriri ne, haƙoran tauna kuma ba su gama aiki ba. Gyaɗa abinci ce mai kyau gare shi, amma a niƙe. Kuma duk abin da zai ci ya ci a zaune, babba na kallo. Hajiya ba ta ce komai ba, amma da daren nan ita ta zauna ta daka sauran gyaɗar tas.

Daga nan muka zauna muka yi wa kanmu sharuɗɗa, ba na likita ba, na gidan da ba shi da lokaci. Duk abin da zai shiga ledar Auta dole ya zama bai buƙatar firij, bai cin fiye da minti biyar da safe, kuma kuɗinsa bai wuce wanda muke ba mai shago ba. Abin da ya kasa ɗaya daga cikin ukun nan mun san ba zai yi mako biyu ba za mu watsar.

Ginshiƙin abin shi ne garin kunun da ake kira Tom Brown, wanda sista ta rubuta mana awonsa a bayan kati: hatsi awo shida, waken suya awo uku, gyaɗa awo ɗaya. Mu gero da dawa muke haɗawa a matsayin hatsin. Baban yara ke sayowa ta hannun wani abokinsa da ke zuwa Dawanau, don ya fi sauƙi a can. Aikin ranar Lahadi ne, sau ɗaya a wata. A jiƙa waken suya, a tafasa shi, a murje ɓawon, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya sama-sama. Hatsin a wanke, a shanya, a soya. Gyaɗa kuwa sai an tsince ta ɗaya bayan ɗaya, a zubar da duk wadda ta yamushe ko ta yi baƙi ko ta yi fumfuna, domin irin wannan ke ɗauke da gubar aflatoksin mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Tsintar nan aikin manyan yaran ne, suna yi suna gardama. A kai inji a niƙo, a bar shi ya huce, a zuba a bokiti mai murfi. Da safe cokali uku a ruwan sanyi, a juye a tafasasshen ruwa, a juya minti kaɗan, a ɗura a filas. Abu ɗaya da muka gyara shi ne kauri. Da can kunun yaro tsululu muke yi, muna ganin ya fi saukin sha, ashe ruwa muke cika masa ciki da shi. Yanzu sai ya kama cokali, in an karkata bai zuba ba.

Ƙwai ɗanye muke sawa a ledar, a naɗe cikin tsumma. Sista ta ce dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin nan namu ba, don haka Maman 'Yanbiyu ke jefa shi a tukunya wajen ƙarfe goma, ya dahu sosai, ta yanka masa. Haka dankalin Hausa, ta tura shi cikin garwashi in ta sauke girki. Idan mun samu mai jan ciki shi muke zaɓa, saboda bitamin A da ke cikinsa. Ranar da babu ƙwai akwai awara ko ƙosai ko alale, mu roƙi mai yi ta ware mana kafin ta barbaɗa yaji. Ayaba ta zo da marufinta daga Allah, ba ta neman wuƙa ba ta neman wanki. Mukan shafa mata niƙaƙƙiyar gyaɗa kaɗan, siririn shafi, don dunƙulen ma yana iya maƙalewa. Sauran kuma abin da lokaci ya kawo ne. Da bazara mangwaro, da ya wuce gwanda ko kankana da aka cire wa 'ya'ya, da sanyi lemo. Wanda ya bi ta 'Yan Lemo ranar Asabar shi ke sayowa. Mun koyi haɗa ɗan itace da abincin wake ko kunu, domin bitamin C da ke cikin lemo da gwaiba da garin ƙwame yana taimaka wa jiki ya tsotsi ayon. Shayi kuwa ya fita daga lissafin Auta. Abin shansa ruwa ne, sai nonon shanu da aka tafasa ko kindirmo in mun samu wanda muka yarda da tsaftarsa.

Ƙarya ne mu ce ya karɓa da murna. Makon farko ya jefar da dankali, ya tofar da gwanda, ya kwanta a ƙasa yana nuna hanyar shago. Sau biyu Babansa ya karaya ya sayo biskit a ɓoye, sau ɗaya Mamansa ta yi, duk kuma mun kama juna. Abin da ya cece mu 'yanbiyun maƙwabciya ne. Maman 'Yanbiyu ta shimfiɗa tabarma ta zaunar da su ukun, ta zuba a faranti ɗaya. Abin da ya ƙi a hannunmu sai ga shi yana wawaso don kada a riga shi. Gwanda sai da aka kawo masa ita kusan sau goma kafin ya yarda ta wuce maƙogwaro. Mun kuma tsayar da lokaci, hantsi da bayan la'asar, ba duk sanda ya yi ƙara ba. Da aka daina cika masa ciki dab da abinci, sai loma biyun nan ta zama biyar, ta zama rabin kwano.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da babu Maman 'Yanbiyu da duk tsarin nan ya tsaya a takarda, kuma mun san aiki muka ƙara mata. Shi ya sa duk wata muna ɗibar mata garin kunun, ƙwai kuma in da hali uku muke sawa ba ɗaya ba. Mun kuma san akwai gidajen da ko kuɗin biskit ɗin ba su da shi, balle su yi zaɓi. Mu muna da shi, inda muke kai shi ne ya zama kuskure.

Har yanzu ba mu gama ba. Kawunnansa suna zuwa da alawa, kuma ba a ce wa baƙo mai da tsarabarka. Sai mu karɓa mu yi godiya, mu ɗora saman kwaba. Akwai safiyar da gas ke ƙarewa, ko a makara, ko wata ya yi nisa, ranar sai ayaba kaɗai ta tafi. Ranar Juma'a in Babansa ya dawo daga masallaci yakan zo da biskit ɗaya a raba wa su uku, mun bar wannan a matsayinsa. Ba mu mai da gidanmu asibiti ba.

A awo na shida, bayan wata uku, sista ta zagaye damtsen ta karkato mana da awon mu gani da idonmu. Santimita 12.9, cikin kore. Ta ja fatar idonsa, ta ce jini ya fara dawowa, a ƙarasa maganin kada a tsaya. Sannan ta maimaita tambayarta ta farko, me ya ci jiya? Wannan karon muka lissafa ba tare da mun sunkuyar da kai ba. Muka buga wa Hajiya waya a hanya, ta ce a gaya wa angonta ta kusa zuwa, ya tanadi kuɗin cefane.

Har gobe muna tsayawa a shagon bakin layi ƙarfe bakwai saura. Kwanaki mai shagon ya leƙo ya ce, "Alhaji ƙarami ya daina ciniki da mu ne?" Muka ce bai daina ba, kaya ya canza. Yanzu da ya hango mu sai ya ɗaga ƙwai ya duba ko ya fashe, ya naɗe a takarda, ya miƙa wa Auta. Shi kuma ya karɓa da hannu biyu, yana tafiya a hankali har ƙofar Maman 'Yanbiyu.